Ta ina malamin da bai taɓa rubuta kod ba zai fara koyo kafin ya shiga aji?

Malamar Lissafi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai abokan aiki. Shekarata goma sha huɗu ina koyar da lissafi ga yara 'yan shekara goma zuwa goma sha uku, kuma a duk tsawon wannan lokaci abin da ya haɗa ni da kwamfuta bai wuce buga takardun jarrabawa da shigar da makin ɗalibai ba. A ƙarshen zangon da ya wuce shugabar makarantarmu ta kira ni ta sanar da ni cewa za a ƙara darasin kodin, wato rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, tare da wani abu da ake kira tunanin tsara matakai, kuma ni aka zaɓa in riƙe darasin saboda, a cewarta, abin dangin lissafi ne. Ban musa ba, domin ina sha'awar abin, amma maganar gaskiya ita ce ban taɓa rubuta ko layi ɗaya ba kafin ranar.

Na yi mako biyu ina bin darussan bidiyo na harshen Python a intanet. Muddin mai koyarwar yana bugawa ina kwaikwayonsa, komai yana tafiya daidai, har in ji kamar na iya. Amma da zarar na rufe bidiyon na buɗe sabon shafi domin in rubuta wani abu na kaina, ko da ɗan shirin da zai tara makin ɗalibai biyar ya fitar da matsakaicinsu ne, sai in zauna ina kallon allon kwamfutar ban san ta inda zan kama ba. Wannan ya tsorata ni, domin a darasin lissafi na san inda yaro zai yi tuntuɓe tun kafin ya kai wurin, alhali a nan ni ce mai tuntuɓen.

Saura mini mako goma a koma makaranta, kwamfutocinmu takwas ne, ɗaliban aji kuma sun kai arba'in. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan fage su faɗa mini iyakar abin da ya wajaba in sani kafin in tsaya gaban aji, kuma su ba ni shawara ko da Scratch, wato harshen kodin na yara da ake haɗa umarninsa kamar bulo, ya kamata in fara ko in dage a kan Python ɗin da na soma. Sannan ina so in fahimci mene ne ainihin wannan tunanin tsara matakai, domin duk bayanin da na karanta ya fi kama da abin da muke yi a lissafi tun da can, sai dai an sauya masa suna. Abin da ya fi damuna, in ban ɓoye muku ba, shi ne ranar da yaro zai ɗaga hannu ya ce shirinsa ya ƙi aiki, in duba ni ma in rasa dalili.

Tsohon Malamin Kwamfuta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da ya same ki yana samun kusan duk wanda aka fara wa koyarwa daga ƙarshe. Babu malamin harshe da zai miƙa wa yaro farar takarda ya ce ya rubuta insha'i alhali yaron bai taɓa karanta shafi guda ba, amma haka aka daɗe ana yi wa masu koyon kodin: a nuna musu umarni biyu ko uku, sannan a ce su ƙirƙiro shiri daga babu. Kwaikwayon abin da mai bidiyo yake bugawa kuwa yatsu kawai yake horarwa, kai yana hutawa.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki yi makonni uku na farko kina karanta kod fiye da yadda kike rubuta shi. Ki samo ɗan gajeren shiri mai layi shida ko takwas wanda wani ya rubuta, kada ki taɓa maɓallin gwaji, ki ɗauki biro ki rubuta a takarda abin da kike tsammanin zai fito. Bayan haka ki gwada shi. Idan abin da ya fito ya saɓa wa hasashenki, to nan ne darasin yake, kuma kada ki tashi sai kin gano layin da ya yaudare ki. Daga nan ki sauya lamba ɗaya ko umarni ɗaya, ki sake hasashe, ki sake gwadawa, sai a ƙarshe ki rubuta naki mai kama da shi. Wannan tsari na hasashe, gwaji, bincike, sauyi, sannan ƙirƙira shi ne Sue Sentance da Jane Waite suka fitar a Ingila a shekarar 2017 da sunan PRIMM, kuma alfanunsa a gare ki biyu ne, domin da shi za ki koya, da shi kuma za ki koyar. Rabin aikin a takarda ake yin sa, saboda haka kwamfuta takwas ba za su ɗaure miki hannu ba.

Tun da ke malamar lissafi ce, bari in ba ki misalin da nake fara kowane sabon aji da shi. A ce akwai ɗan kunkuru a kan allo, yana jan layi duk inda ya bi. An ce masa ya maimaita sau huɗu: ya yi gaba taku 100, ya juya dama digiri 90. Kowa zai ce murabba'i zai zana, kuma haka ne. Sai ki ce wa aji su sa shi ya zana alwatika mai gefe uku daidai wa daida. Kusan kowa, har da malaman lissafin da na horar, zai ce a maimaita sau uku a juya digiri 60, saboda an haddace cewa kowace kusurwa ta irin wannan alwatika digiri 60 ce. Idan aka gwada, rabin siffa mai gefe shida ce ke fitowa. Kunkurun ba kusurwar ciki yake juyawa ba, ta waje yake juyawa, don haka amsar ita ce 120, kuma yaron da ya tashi ya taka siffar da ƙafarsa a tsakiyar aji zai gano da kansa cewa duk wanda ya zagaya ya dawo yana fuskantar inda ya faro ya juya digiri 360 ke nan, wanda idan aka raba shi gida uku zai ba da 120, gida biyar kuma 72. Wannan kunkuru ya tsufa. Seymour Papert, ɗan asalin Afirka ta Kudu wanda ya yi aiki da Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara ke bunƙasa, a Janiba kafin ya koma Amurka, shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen Logo domin yara a 1967, kunkurun ya biyo baya ba da daɗewa ba, kuma har gobe za ki same shi a cikin Python, yayin da alƙalamin da ke cikin Scratch yake yin aiki irin nasa.

Game da iyakar abin da ya wajaba ki sani, ni a ganina abubuwa biyar ne ke ɗauke da darasin yaran da kike koyarwa: jera umarni ɗaya bayan ɗaya, maimaitawa, sharaɗi na idan kaza ya faru a yi kaza, ma'aji wanda ake ba suna a ajiye lamba ko kalma a cikinsa, da kuma tattara umarni da yawa a ƙarƙashin suna guda domin a riƙa kiransu. Wanda ya riƙe waɗannan biyar riƙo na sosai, har yana iya bin shiri layi-layi ya faɗi abin da ke cikin kowane ma'aji a kowane mataki, ya isa ya koyar da shekara guda cur. Mako goma sun isa a kai wannan matsayi idan kina ba abin rabin awa kowace rana, kuma rabin awa kullum ya fi awa huɗu a rana ɗaya nesa ba kusa ba.

Kada kuma ki ɗauka ke kaɗai aka jefa a ruwa ba tare da an koya miki iyo ba. A watan Satumba na 2014 Ingila ta sanya ilimin kwamfuta a manhajar karatu tun daga yara 'yan shekara biyar, alhali akasarin malaman da za su koyar da shi abin da suka sani shi ne amfani da kwamfuta a aikin ofis. Bayan shekara uku, a 2017, ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta fitar da rahoto cewa koyarwar tana tafiyar hawainiya kuma malamai na buƙatar horo mai yawa, har ta kai gwamnati ta kafa cibiyar horar da malaman kwamfuta ta ƙasa a 2018 da fam miliyan 84. Estoniya ta soma nata shirin a 2012, Finlan kuma a 2016 ta cusa kodin cikin wasu darussa, musamman lissafi, maimakon ta ware masa darasi na kansa. A ko'ina rubuta manhajar karatu ya fi sauƙi, shirya malamin da zai koyar da ita shi ne aikin.

Malamar Aji Huɗu ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Malama. Malam ya yi bayanin kodin, ni kuma zan taɓa tambayarki ta uku, domin ni ma na yi shekara guda ina zargin cewa tsohon abu ne aka yi wa sabon suna. Zarginki yana da tushe. Raba doguwar lamba da kike koya wa yara, inda ake rabawa, a ninka, a ɗebe, a sauko da lamba ta gaba, a sake komawa farko har lambobi su ƙare, algoridim ne cikakke, wato tsararrun matakan warware matsala, mai jeri da maimaitawa da sharaɗin tsayawa. Kalmar algoridim ɗin ma daga sunan Alkawarizmi ta samo asali, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na tara, kuma hanyar Yuklid, masanin lissafin Girkawan da, ta gano babbar lambar da ke raba lambobi biyu ta girmi kwamfuta da fiye da shekara dubu biyu. Abin da ya sa maganar ta sake tashi a zamaninmu shi ne wata gajeriyar maƙala da Jeannette Wing ta wallafa a 2006, inda ta nemi a ɗauki irin tunanin masana kwamfuta a matsayin abin da kowane yaro zai koya kamar karatu da rubutu da lissafi.

Bambancin da na gano a aikace shi ne wannan. A lissafi muna ba yaro hanya mu ce ya bi ta ya kawo amsa, a nan kuwa hanyar ita ce amsar, kuma dole ya rubuta ta yadda wanda ba ya da wayo ko kaɗan, ba ya kuma iya cike gurbin abin da aka manta, zai bi ta ya isa. Shi ya sa nake fara zango da wasan da ni ce nake zama na'ura. Yara su rubuta mini matakan da zan bi in tashi daga kujerata in je in rubuta sunana a allo, ni kuma in bi abin da suka rubuta harafi da harafi. Idan sun ce in yi gaba ba su faɗi taku nawa ba, sai in yi ta tafiya har in kai bango. Suna dariya, amma zuwa gwaji na uku za ki ga sun fara gardama a tsakaninsu a kan wane mataki ya kamata ya riga wane.

Wasa na biyu shi ne cankar lamba. Yaro ya riƙe lamba a ransa tsakanin 1 da 100, ni kuma in riƙa canka, shi yana cewa sama ko ƙasa. Ina farawa daga 50, in raba abin da ya rage biyu, in sake rabawa, kuma ban taɓa wuce canka bakwai ba. Sai in tambaye su sau nawa zan buƙata idan lambar tana tsakanin 1 da 1,000. Yawanci suna cewa saba'in. Amsar goma ce, ta miliyan ɗaya kuma ashirin, kuma shirun da aji ke yi idan suka ji haka ya fi mini duk wani bayani da zan yi a kan dalilin da ya sa wata hanya ta fi wata sauri. Akwai kuma dabarar katuna masu fuska biyu: yaro ya shimfiɗa 25 a layi biyar-biyar yadda ya ga dama, ki ƙara layi ɗaya a gefe da ɗaya a ƙasa kamar kina ƙara wa kanki wahala, alhali kina daidaita su ne yadda fuskoki masu launi a kowane layi za su zama adadin da biyu ke rabawa. Ki juya baya, yaro ya kifa kati ɗaya, ki waiwayo ki nuna shi nan take, domin layi ɗaya na tsaye da ɗaya na kwance ne kaɗai lissafinsu ya lalace, kuma katin yana inda suka haɗu. Da irin wannan dabara kwamfuta ke gane cewa saƙo ya gurɓata a hanya. Waɗannan wasanni suna cikin tarin da Tim Bell na Jami'ar Canterbury da ke Niyu Zilan da abokan aikinsa suka soma haɗawa tun shekarun 1990 da sunan CS Unplugged, kuma kyauta ake samunsu. Tambayoyin gasar Bebras, wadda aka fara a Lituweniya a 2004, su ma suna da amfani, domin ba sa buƙatar yaro ya iya kodin.

Da ni ce ke, zan cinye zangon farko gaba ɗaya a kan irin waɗannan, in bar kwamfutoci sai zango na biyu, lokacin da ƙafata ta tsaya.

Mai Rubuta Manhaja ya amsa:

Malama mai tambaya, na yi shekaru ina rubuta manhajar kwamfuta kafin in koma horar da malamai, kuma da izinin Malamar Aji Huɗu zan saɓa mata a jimlarta ta ƙarshe, duk da cewa wasannin da ta kawo ni ma ina amfani da su. Na ga malamai da yawa da suka fake a bayan katuna da wasan na'ura shekara bayan shekara saboda tsoron kwamfutar, har yaransu suka gama makaranta ba su taɓa ganin shirin da suka rubuta yana aiki ba. Wasan da ba a haɗa shi da kod ba a cikin mako ɗaya ko biyu, wasa kawai yaro zai tuna. Idan an yi cankar lamba ranar Litinin, ya kamata kafin mako ya ƙare yara su ga shirin da ke yin cankar, su karanta shi, su nuna layin da ke raba tazarar gida biyu.

Dalilina shi ne akwai darasin da kwamfuta kaɗai ke iya koyarwa. Malamar da ta zama na'ura, komai ƙoƙarinta, mutum ce, kuma wani lokaci za ta fahimci nufin yaro ta cike masa gurbi ba tare da ta lura ba. Kwamfuta ba ta da wannan tausayi. Ga misalin da ya shafe ki kai tsaye a matsayinki na malamar lissafi. A Python, idan aka rubuta x = x + 1, idonki zai ce wannan ƙarya ce, domin babu lambar da ta yi daidai da kanta an ƙara mata ɗaya. Amma alamar a nan umarni ce: a lissafa abin da ke dama, a zuba shi cikin ma'ajin da ke hagu, a shafe abin da ke ciki a da. Yanzu ki gwada wannan a takarda. An rubuta a = 3, sannan b = 7, kuma ana so a musanya su, sai ɗalibi ya rubuta a = b, sannan b = a. Yawancin masu koyo za su rantse cewa a ya zama 7, b ya zama 3. A gaskiya dukansu 7 ne, domin layin farko ya riga ya shafe 3 ɗin, babu inda za a samo shi kuma. Sai an kawo ma'aji na uku an ajiye shi tukuna, kamar mai son musanya abin da ke cikin kofi biyu wanda ba makawa sai ya nemo kofi na uku. Haka nan umarnin range(1, 5) yana ba da 1, 2, 3, 4 ne ya tsaya, bai haɗa da 5 ba, kuma wannan kuskure na saura ɗaya yana kama har ƙwararru.

Benedict du Boulay ya yi bayani tun a shekarun 1980 cewa kowane mai koyo yana da wata na'ura da ya zana a ransa, wadda yake zaton haka kwamfuta ke aiki, kuma yawancin kurakuransa daga karkacewar wannan zane suke fitowa. Aikin malami shi ne ya gano zanen da ke kan yaro ya miƙe shi. Wannan shi ne abin da kika ce kina da shi a lissafi, wato sanin inda yaro zai yi tuntuɓe, kuma Lee Shulman ya bambanta shi da sanin darasin kansa a 1986. Ni da na zo daga sana'ar na iya kod amma ban san wannan ba, kuma shekarata ta farko a aji ta yi muni, domin abin da ke ruɗa yara ni na manta cewa ya taɓa ruɗa ni. Ke kuwa yanzu kike faɗawa cikin ramukan, saboda haka ki sayi littafin rubutu ki riƙa rubuta kowane kuskure da kika yi a makonnin nan goma, da abin da kika zata, da abin da ya kasance. Littafin nan zai fi miki duk wani jagoran malami da za a ba ki.

A kan Scratch da Python, ki koyar da Scratch, ki ci gaba da koyon Python a gefe. An fitar da Scratch daga jami'ar MIT ta Amurka a 2007 ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick domin yara 'yan shekara takwas zuwa goma sha shida, kuma tun da bulo ake jawowa a haɗa, yaro ba zai ɓata darasi guda yana neman waƙafin da ya manta ba, ga shi ana iya sauke shi a yi aiki ba tare da intanet ba. Haɗarinsa ɗaya ne: yara na iya cinye awa guda suna sauya wa kyanwar da ke kan allon Scratch launi da murya ba su taɓa maimaitawa ko sharaɗi ba, kuma aji zai yi kama da ana aiki. Ki riƙa ba da aiki mai iyaka, kamar a zana siffa mai gefe takwas da bulo da bai wuce biyar ba.

Zan ƙara da gargaɗi guda, domin za ki ji ana cewa kodin yana kaifafa basirar yaro a kowane fanni. A 1984 Roy Pea da Midian Kurland sun bincika wannan da'awa a kan yaran da suka koyi Logo, ba su kuwa sami hujja mai ƙarfi ba cewa iya tsara shiri yana tsallakawa da kansa zuwa tsara wasu al'amura. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun fi nuna amfani, musamman a fannonin da ke kusa kamar lissafi, amma ni abin da na gani shi ne sai malami ya gina gadar da hannunsa, ya ce wa yara abin da muka yi jiya a kwamfuta shi ne wannan da muke yi yau a allo. Kada ki yi wa iyaye alkawarin da ya wuce haka.

Malamar Lissafi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya ƙara ilimi. Na gwada alwatikar Malam kafin in karanta amsarsa har ƙarshe, kuma 60 na rubuta, ni da na yi shekara goma sha huɗu ina koyar da kusurwar waje. Na kuma faɗa ramin musanya a da b. Su ne abubuwa biyu na farko a littafin kurakuran da na buɗe jiya.

Na yanke shawarar bin tsakiya: kowane mako darasi ɗaya na takarda da wasa, ɗaya kuma a kan kwamfuta da Scratch, a kan batu guda. Sai dai har yanzu abu biyu sun rage mini. Yara biyar a kan kwamfuta ɗaya, na san wanda ya fi ƙarfin hali shi zai riƙe linzamin kwamfutar, sauran su zama 'yan kallo, kuma a irin wannan hali ban san yadda zan ba kowane yaro makin da ya cancanta ba. Sannan babu wanda ya amsa mini batun ranar da shirin yaro zai ƙi aiki ni ma in kasa gano dalili.

Tsohon Malamin Kwamfuta ya sake amsawa:

Malama, ranar nan za ta zo, wataƙila a mako na biyu, kuma ni bayan shekaru masu yawa har yanzu tana zuwa mini. Abin da nake yi shi ne in ce wa yaron ban gano ba tukuna, in ja kujera in zauna kusa da shi, in tambaye shi abu uku da babbar murya yadda na kusa za su ji: me ka so ya faru, me ya faru, kuma wane layi ne na ƙarshe da ka tabbata yana aiki. Daga nan mu sa shirin ya riƙa nuna abin da ke cikin ma'aji a kowane mataki, ko mu cire rabin bulo mu ga ko matsalar tana nan, wato cankar lambar Malamar Aji Huɗu ce muke yi wa kuskuren. Sau da yawa yaron yana cikin bayyana mini abin da ya so ya faru zai tsaya ya ce ya gani. Idan aka buga ƙararrawa ba mu gano ba, sai in kwafe shirin a allo ya zama aikin gida na aji duka har da ni. Sharaɗin da na ɗora wa kaina shi ne ba na karɓar linzami daga hannun yaro, ko da na ga kuskuren tun daga nesa.

Game da cunkoso, kada ki zaunar da biyar a kan na'ura ɗaya. Ki raba aji gida uku, wasu suna hasashe da bin shiri a takarda yayin da wasu ke kan kwamfuta bibbiyu, ɗaya yana riƙe da linzami ɗaya yana faɗa masa abin da zai yi, kuma ki sa su musanya wuri duk bayan minti biyar ko bakwai da agogo a hannunki, domin in kin bar musu ba za su musanya ba. Kwamfuta takwas suna ɗaukar yara goma sha shida a lokaci guda, zagaye uku sun gama aji.

Maki kuma a takarda za ki fi samun na gaskiya. Ki ba kowane yaro shiri mai layi shida da jadawali, ya cike abin da ke cikin kowane ma'aji bayan kowane layi. Ki kuma rubuta shiri daidai, ki yayyanka layukansa da almakashi, ki cakuɗa, ki ce ya jera su yadda zai yi aiki, dabarar da Dale Parsons da Patricia Haden suka gabatar a 2006. Idan kina so ki ƙara wahala, ki saka layi ɗaya da bai da wurin zama a ciki, kamar juya digiri 60 a cikin guntayen shirin alwatika, ki ga su wa za su ajiye shi a gefe.